Mai wanke mana tagogi ya ƙara kuɗi a tsakiyar korona, kuma har yau shi ke zuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar mai wanke mana gilasan tagogi nake so in yi yau, wani dattijon Bature ne haifaffen nan Birmingham da ke aikinsa shi kaɗai, ba kamfani ba yaro, daga shi sai motarsa sai doguwar sandarsa. A tsakiyar korona ya ƙara mana kuɗi daga fam 12 zuwa fam 15 duk wanki, kuma ban sallame shi ba. Wasu daga cikin mutanenmu na nan da ni na haɗa su da shi sun ji zafin ƙarin nan sosai, har wata ta ce ya daina zuwa mata, shi ya sa naga gara in zauna in faɗi yadda aikin nasa yake da yadda ƙarin ya zo, inda ya burge ni da kuma inda gaskiya bai kyauta ba.

Na san waɗanda ke gida za su ce wai har wankin taga sai an biya wani, Yayata ma haka ta ce min a waya, "ke yanzu tsumma da ruwan omo ne ya gagare ki?" Toh Yaya ba tsumman ba ne matsalar. Gidajen nan a jere suke manne da juna, ɗakunan kwana duk a sama, kuma tagogin da yawansu ta sama kawai suke ɗan buɗewa, babu yadda za ki zura hannu ki goge bayan gilashin sai dai ki hau tsani ta waje. Ga ruwan sama kusan kullum, ga hayaƙin motoci, ga kashin tattabaru, ga saƙar gizo a kowane lungu na firam, in kika bar shi wata uku falon ma sai ya yi duhu. Shi ya sa kusan kowace unguwa tana da mai wankinta, kamar dai ɗan garuwan layi a gida, ya san gidajensa, gidajen sun san shi, yau yana wannan layin gobe yana wancan har ya zagayo. Namu duk sati huɗu yake zagayowa.

Aikin kansa kam babu abin da zan ce sai sambarka. Motar kaya ce ƙarama yake zuwa da ita da tankin ruwa a ciki, ya ja tiyo har bakin gida, tiyon ya shiga cikin wata sanda mara nauyi da ake zuƙewa a ƙara mata tsayi, a kanta akwai burushi da ruwa ke fita ta cikinsa. Yana tsaye a ƙasa yake wanke har tagar sama. Ba sabulu ba omo ba komai, ruwa zalla. Firam yake fara bi, ya goge saman sosai inda datti ke maƙalewa, ya sauko kan gilashin ya bi shi sama da ƙasa, sannan ya ɗan janye burushin ya bar ruwan yana kwarara daga sama har ƙasa, shikenan ya wuce ta gaba ya bar ta jiƙe sharkaf. Duk wanda ya fara gani zai ce wannan ai bai gama ba, ina gogewar? Amma in ta bushe sai ki ga gilashi ƙal ba ɗigo ba zane, saboda ruwan tatacce ne, an cire masa duk wani gishiri-gishirin da ke barin farin tabo in ruwan famfo ya bushe.

Wata rana ɗana ya tsare shi da tambaya, sai ya ciro wani ɗan abin awo da bai fi tsawon biro ba daga aljihun rigarsa, ya ce a kawo masa ruwan famfonmu a kofi, ya tsoma, lamba ta fito. Ya zubar, ya tari ruwan tiyonsa ya sake tsomawa, sai ga sifili uku a jere. Ya ce da zarar lambar nan ta fara hawa to ƙwayoyin da ke cikin matatar sun gaji sai ya sayi wasu, in ba haka ba gilashi zai yi dabbare-dabbare kwastoma ya kira shi. A nan ne ma ya faɗa mana abin da ya sa na fara yarda da mutumin nan, ya ce su masu aikin a Birmingham sun yi sa'a don ruwan garin daga madatsun kwarin Elan da ke Wales ake jawo shi, ruwa ne mai laushi, matatarsa tana daɗewa, ba irin na Landan ba da ke cinye musu kuɗi. Kunga da yana son yi min ƙarya a kan tsadar tace ruwa da ba zan taɓa ganewa ba.

Sai abin da ni a wajena ya fi komai, kuma na san duk matar da ke gida da 'yan mata za ta fahimce ni. Mai aiki da tsani sai dai kawai ki ɗaga kai ki ga fuskar ƙato a tagar ɗakin kwananki, ke ba ɗankwali ba komai. Shi wannan ƙafarsa ba ta barin ƙasa, burushi kawai za ki gani yana kai da kawowa. Tun bayan dokar aiki a wuri mai tsayi ta 2005 da yawansu suka fara ajiye tsani suna komawa sanda saboda faɗowa, mu kuma abin ya zo mana daidai ta wajen sutura. Kuma daren da zai zo yana turo tes, gobe ina layinku a buɗe min get ɗin baya, sai in san na saki labulen falon ƙasa da na kicin tun safe. Sau ɗaya baban yara ya yi masa bayanin cewa mu ba a faɗo mana bayan gida haka nan ba sanarwa, bai taɓa mantawa ba, kullum sai ya ƙwanƙwasa get ya ɗan jira.

Toh sai korona ta zo. Ranar 23 ga Maris 2020 Boris Johnson, firaministan lokacin, ya fito a talabijin ya ce kowa ya zauna a gida. Mutumin ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, daga baya da ta tabbata cewa mai aiki a waje zai iya ci gaba in dai zai ba da tazarar mita biyu sai ya dawo. Azumin shekarar nan a kulle muka yi shi, masallatai a rufe, ba tarawi ba buɗa-baki da kowa, sallar idi ma a falo baban yara ya ja mu. Yara ba makaranta, yininsu a bakin taga suke yi, sun zana bakan gizo sun manna a gilashi irin yadda yaran layin duk suka yi saboda ma'aikatan asibiti, ranar Alhamis ƙarfe takwas na dare a fito bakin ƙofa a yi tafi. A irin wannan zaman ne mutum ke sanin darajar taga mai haske wallahi. In ya zo ba ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba ma, ya yi aikinsa, ya ɗaga wa yara hannu daga nesa, ya turo tes an gama, ni kuma in yi masa tiransifa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, gidaje irin namu ba su ne ƙashin bayan sana'arsa ba. Shaguna ne. Masu aski, gidajen shayi, ƙananan gidajen abinci, su ne ke biyansa duk sati don ba mai son kwastoma ya ga gilashin shagonsa da datti. Dare ɗaya duk aka rufe su. Masu aski ba su buɗe ba sai 4 ga Yuli, aka sake rufewa 5 ga Nuwamba na kusan wata guda, aka kuma shiga wani kullen a Janairun 2021 wanda bai sake su ba sai 12 ga Afrilu, wasu shagunan ma daga nan ba su ƙara buɗewa ba. Shagon da ke rufe wa zai biya a wanke masa gilashi? Ga gidaje da suka ce ya dakata saboda tsoron cuta ko don albashi ya ragu. Duk da haka 2020 ta ƙare bai ƙara mana ko sisi ba, fam 12 ɗin da muka fara da shi tun shigowarmu gidan ita muka ci gaba da biya. Na taɓa tambayarsa ta nesa yaya kasuwa, ya ce ana lallaɓawa, aƙalla mai ya yi araha, don lokacin litar fetur ta faɗo har wajen fam 1 a gidajen man manyan kantuna tunda ba mai fita.

Takardar ƙarin a watan Afrilun 2021 ta zo, ya zuro ta ta ramin wasiƙa bayan ya gama wanki, rabin shafi ce kawai. Ya fara da godiya, ya ce ya shekara da shekaru bai taɓa farashi ba, daga watan Yuni gidanmu zai koma fam 15. Ya kawo dalilansa a gajarce ba kuka ba roƙo. Sannan ya ba da zaɓi, wanda ya ga ba zai iya ba zai iya komawa duk sati takwas, ko a riƙa wanke masa gaban gida kawai, kuma duk wanda ya rasa aikinsa saboda annobar ya yi masa magana a ɓoye zai bar shi a tsohon farashi har ƙarshen shekara ba sai ya kawo wata shaida ba. Wannan layin na ƙarshe na karanta shi na sake karantawa. Mutumin da shi ma kasuwarsa ta karye shi ke cewa in kana cikin matsi ka faɗa min.

Babban dalilin da ya kawo mota ce. Daga 1 ga Yuni 2021 Birmingham ta fara dokar tsaftace iska a tsakiyar gari, duk abin da ke cikin zoben titin Middleway, motar da injinta bai kai matakin da aka gindaya ba za ta biya fam 8 duk ranar da ta shiga, manyan motoci da bas-bas kuma fam 50, ba Asabar ba Lahadi ba dare ba rana. Tasa tsohuwar mai shan dizal ce da ya saya na hannu, ba ta tsallake ba, kuma ragowar shagunan da suka rage masa da yawansu a ciki suke. Ko dai ya riƙa biyan fam 8 ɗin, ko ya haƙura da shagunan, ko ya canza mota a daidai lokacin da motocin kaya na hannu suka yi tashin gwauron zabi saboda kowa ya koma sana'ar kai kaya gida-gida, sababbi kuma ba sa fitowa da wuri daga masana'anta. Sai inshora, ta mota daban, ta in ya fasa wa wani gilashi ko tiyonsa ya harɗe wani ya faɗi ita ma daban. Sai 'yan kuɗin da ake yanka masa a duk biyan da aka yi ta kati tunda an daina karɓar tsaba.

Wata Hajiya cikin waɗanda na haɗa su da shi ita ta kira ni da daddare ranar da takardar ta zo, ranta a ɓace. "Ƙanwata kin ga takardar mutumin naki? Ana wannan halin shi ƙari ma yake tunani, ai gwamnati ta ba su kuɗi, a labarai muka ji." Na ce Hajiya an ba su kam amma ba yadda kike zato ba. Tallafin da Rishi Sunak ya sanar wa masu sana'ar kansu ranar 26 ga Maris 2020, lokacin yana ministan kuɗi, kashi 80 cikin ɗari ne na ribar da mutum ya saba nunawa a takardun harajinsa, iyakarsa fam 2,500 a wata, kuma ba a buɗe neman sa ba sai tsakiyar watan Mayu, kusan wata biyu kenan mutum na zaune. Riba fa aka ce, ba cinikin da ya shigo hannu ba. Wanda ya sayi mota ko kayan aiki a shekarun da aka yi lissafi da su, ribarsa a takarda ta riga ta ƙanƙance, tallafinsa ma haka zai zo a ƙanƙance, kuma irin abin da ya sami mutuminmu kenan. Wanda kuwa ya fara sana'ar bayan Afrilun 2019 a zagayen farko ko sisi bai samu ba. Kuma kuɗin ma ana cire musu haraji. Mu masu albashi da aka zaunar a gida ana biyanmu kashi 80 duk wata ba mu san wannan lissafin ba, mu dai alat muke gani.

Hajiya dai ba ta sauko ba, ta sallame shi, kuma ni ban ga laifinta ba ko kaɗan. Maigidanta tasi yake ja, shekarar nan aikin tasi ya mutu murus, ba mai zuwa filin jirgi ba mai fita da dare, ga yara biyar, ga na gida da ke jiran a turo. Na ce mata ai ya rubuta a yi masa magana, ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa bare cewa babu ba, kuma na fahimci wannan sarai, da yawanmu haka muke. Ta samu wani saurayi mai tsani da bokiti da ke yi mata a fam 8, na je gidan na gani aikinsa ba laifi, sai dai ba shi da ranar zuwa, in ya ga dama ya ɓullo in bai gani ba a yi wata biyu, kuma sai ta bi ɗakunan sama tana rufe labule a guje in ta ji ƙarar tsani a bango. Ita hakan ya yi mata. Ni bai yi min ba.

Ni da baban yara lissafi muka zauna muka yi. Fam 3 sau goma sha uku a shekara fam 39 kenan. Ya ce min ke kuɗin wayar hannunki da na intanet ɗin gidan nan duk shekara sai sun hau kuma ba wanda ke zuro miki takarda yana tambayar ko za ki iya, sai dai ki ga an cire. Gaskiya ya faɗa. Abin da ke damuna da mu shi ne ƙarfinmu a kan ƙaramin mai sana'a yake ƙarewa, wanda muke ganin idonsa, wanda za mu iya cewa haba malam, shi ne za mu tsaya yi wa ciniki har sai ya ji kunya, manyan kuwa mu biya mu yi shiru. Mutumin nan a cikin sanyin Janairu yake tsayawa hannunsa cikin ruwa tun gari bai gama wayewa ba, ba shi da hutun rashin lafiya, ranar da bai fita ba ba shi da ko sisi, in da korona ta kama shi kwanakin killace kansa duk daga aljihunsa ne.

Amma fa ba zan wanke shi tas ba, akwai inda ya yi kuskure a ƙarin nan kuma na gaya masa a gaban idonsa. Daga 12 zuwa 15 kashi ɗaya cikin huɗu ne a tashi guda, ko a lokacin lafiya wannan tsalle ne babba balle ana annoba. Laifin ba na korona ba ne, nasa ne da ya yi shekaru yana jin nauyin kwastomominsa bai ƙara komai ba har sai da abin ya kai masa wuya. Da duk shekara yana ɗora rabin fam ko fam guda ba wanda zai ko ɗaga kai. Da na faɗa masa haka sai ya jinjina kai ya ce takardun nan sun yi makonni a cikin motarsa ya kasa rabawa, kullum sai ya ce sai zagaye na gaba, yana tsoron a watse masa gaba ɗaya. Na tausaya masa amma tsoron nasa mu ya faɗo wa a dunƙule.

Na biyu bai bayyana yadda yake yanke farashi ba. Layinmu gidajen kusan iri ɗaya ne amma sai ga wannan tana biyan 13, wannan 15, sabbin zuwa 17, kuma mata in sun haɗu a bakin makaranta sai an yi maganar. Na gane tsofaffin kwastomomi yake sassauta wa, wasu kuma suna da ɗakin gilashi a baya da ke cin lokaci, amma da ya rubuta a takardar cewa ga yadda nake lissafi da ba a yi ta ƙananan maganganu ba. Wata maƙwabciyarmu har ta fara zargin ko don ita baƙuwa ce ya tsauwala mata, alhali ba haka ba ne, tagoginta ne suka fi namu yawa.

Sai maganar daina karɓar kuɗi a hannu, wadda ta fi ba ni haushi. Akwai wata dattijuwa 'yar Pakistan da ke jikin gidanmu, Anti muke ce mata, mijinta ya rasu, ba ta iya harkar banki ta waya ba, tes ɗin ma sai jikanta ya zo yake karanta mata kuma lokacin an hana shiga gidajen juna. Kuɗinta ya taru ba ta sani ba, ƙarin ma ba ta san an yi ba, ranar da ta gane sai ga ta a bakin katanga hankalinta a tashe tana cewa ita ba ta taɓa cin bashin kowa ba. Ni na tare shi na ce dan Allah wannan tsarin naka bai yi wa tsofaffi ba. Bai yi musu ba, ya ce ta riƙa sa kuɗin a ambulan ta ajiye ƙarƙashin tukunyar fulawar bakin ƙofa, kuma ya yafe mata bambancin watannin da suka wuce. Ya gyara, amma bai kamata sai an gaya masa ba, ya fi ni sanin tsofaffin da ke zagayensa.

Ƙananan abubuwa kuma, ko ana yayyafi yana zuwa ya wanke, ya ce ruwan sama ba ya ɓata gilashi mai tsabta, na ga alamar gaskiya a ciki amma har yanzu raina ba ya so in biya kuɗin wanki ana ruwa. Tagar banɗakinmu tana da wata 'yar kafar shan iska a sama, in ya cika mata ruwa sai daga baya baƙin ruwa ya tsiyayo ya bar zane, sai da na nuna masa a hoto kafin ya fara kaucewa wajen, kuma ranar da na tura hoton washegari ya dawo ya sake wankewa bai karɓi komai ba. Da sanyi ruwan da ya zuba a bakin ƙofa yana iya daskarewa ya yi santsi, yana yawo da gishiri yana barbaɗawa amma ni dai ina ƙara dubawa kafin yara su fita. Ya taɓa barin get ɗin baya ba sakata. Kuma ba ya wanke ciki ko nawa za ki ba shi, tun kafin korona ma ba ya yi, wannan tsumman Yaya ne ke yinsa.

A watan Satumbar 2021 da aka yi layin mai a ƙasar nan saboda ƙarancin direbobin tanka, gidajen mai suka ƙafe, tes ya turo wa kowa cewa zai makara da kamar sati, ya ba da haƙuri, kuma ranar da ya ce ɗin ya zo. A 2022 da litar dizal ta kusa taɓa fam 2 ya sake ƙari, amma wannan karon fam 1 kacal, da sanarwar wata guda, har ya rubuta cewa daga yanzu duk shekara zai riƙa duba farashi kaɗan-kaɗan maimakon ya tara. Ban ji ko mutum ɗaya a layin ya yi ƙorafi ba. Ya kuma canza motar daga baya, tsohuwar ta tafi.

Ina faɗin wannan ne har da 'yan uwanmu masu sana'ar hannu a nan, masu kitso da lalle, masu ɗinki, masu girkin biki, masu share ofisoshi, don na san da yawanku kuna nan kuna aiki a farashin shekara biyar da suka wuce saboda kunyar 'yar uwa. Ki faɗa da wuri, ki faɗi dalili a taƙaice, ki bar ƙofa ga wadda ba ta da hali, kuma kar ki jira sai kin kai bango. Wasu za su tafi, Hajiya ma ta tafi, amma ya ce min waɗanda suka bar shi ba su kai yadda ya ji tsoro ba, wasu ma bayan an buɗe gari sun dawo da kansu.

Wanda ke neman mai wanki a garin nan ko wani gari a Ingila, kafin ku yi ciniki ku tambaya ko farashin ya haɗa da firam da bakin taga da ƙofar gaba, don wasu gilashin kawai suke bi su bar firam baƙi ƙirin, namu duk yana haɗawa. Ku tambaya yana da inshora, ku tambaya da sanda yake aiki ko da tsani, kuma ku ce lallai ya riƙa turo saƙo kafin ya zo. Wankin farko yawanci ya fi tsada kuma ba lallai ya fita fes ba saboda tsohon datti da ke fitowa daga cikin robar firam, sai a na biyu ko na uku za ku ga ainihin hannun mutum. Kwashe ganyen da ke toshe indararon rufi kuma kuɗinsa daban ne, namu yana yi da kaka in ganye ya gama zuba, amma in gidan haya kuke ku fara yi wa mai gidan magana don sau da yawa shi ya kamata ya biya wannan.